Yadda Ake Sayen Katako Daga Bakin Inji a Kudu Domin Kasuwar Arewa

Kaso mai yawa na katakon da ake jerawa a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko a kasuwar Dei-Dei ta Abuja, ko a kasuwar Katako ta Jos, ba a Arewa itacensa ya tsiro ba. Daga dazuzzukan jihohin Ondo da Edo da Ogun da Osun da Delta ake saro shi, a yanka shi a injinan da ke garuruwa irin su Akure da Owo da Ijebu-Ode da Benin da Sapele, sannan a ɗoro shi a tirela ya biyo ta Okene da Lokoja. Kafin falanki ɗaya ya iso hannun kafinta, ya riga ya ratsa hannu uku ko huɗu, kowane hannu da ribarsa. Wannan ne ke sa ɗan kasuwar da jarinsa ya yi ƙwari, ko ɗan kwangilar da ke da rufin gidaje da yawa a gabansa, ya fara tunanin zuwa bakin injin da kansa. Tunani ne mai kyau, sai dai sauƙin farashin da ake hangowa a can yakan narke a wurare biyu da sabon shiga ba ya lura da su, wato awon da aka yanka katakon a kansa, da ruwan da ke cikinsa lokacin da aka loda shi.

Ka shirya tafiyar da rani. Da damina hanyoyin daji suna caɓewa, motocin da ke fito da gumagumai su maƙale, injina da yawa su koma aikin rabin yini, farashi kuma ya tashi. Wuraren da itacensu ke zuwa ta ruwa ba su cika shan wannan wahala ba. A Okobaba da ke Ebute Metta a Legas, alal misali, an yi shekara da shekaru ana ɗaure gumagumai jere-jere a jawo su ta kan ruwa, har a lokacin mai wucewa ta babbar gadar Third Mainland yakan hango su suna shawagi. Sapele ma kogi ne ya mayar da ita garin katako tun zamanin Turawa, lokacin da kamfanin katako na African Timber and Plywood ya kafa babbar masana'antarsa a can, har wani nau'in jan katako ya ɗauki sunan garin a kasuwannin duniya. Ko ina ka zaɓa, kada ka fito da kuɗi ranar da ka sauka. Ka fara neman mutanen gida da suka daɗe a garin, kamar Hausawan Sabo a Ibadan ko na kasuwar Shasha a Akure, su haɗa ka da wanda ya san masu injin, kuma ku yanke la'adarsa tun kafin ya taka ƙafa ya raka ka.

Abu na gaba shi ne sanin itacen da ka zo nema, domin sunan katako a bakin mai sayarwa ba hujja ba ne. Iroko, wanda wasu ke kira loko, yana da nauyi da ƙarko, gara ba ta cika damun cikinsa ba, shi ya sa ake sonsa domin ƙofa da taga. Sabon yankansa rawaya-rawaya ne, sai ya sha iska ya koma ruwan ƙasa. Jan katakon da ake kira mahogani ɗan'uwan maɗacinmu ne, shi ne na kujera da gado da kabad. Apa, wato kawo, ya fi iroko nauyi da tauri. Obeche fari ne marar nauyi, yana karɓar ƙusa ba tare da ya tsage ba, amma ƙwari da funfuna suna sonsa ƙwarai, kuma katakon afara ma ba shi da juriya sosai in ba a shafa masa magani ba. Akwai kuma malaina, wadda aka shuka da yawa a gandun dajin Omo da na Oluwa da niyyar ciyar da masana'antar takarda ta Iwopin, ta dawo ta zama katakon rufi na masu matsakaicin ƙarfi. Aibinta shi ne jinkirin bushewa, amma idan ta bushe ba ta cika motsi ba. Idan kana shakkar abin da aka nuna maka, ka sa a kankare gefensa da wuƙa ko a goge shi da injin gogewa, ka ga launin ciki, ka sansana, ka kuma ɗaga ka ji nauyinsa.

Kafin ciniki, ka duba kan kowane gungume. Itacen da aka sare da izini yana ɗauke da alamar guduma ta ma'aikatan gandun daji na jihar, tare da alamar mai lasisin da ya sare shi, kuma akwai takardun da ke rakiyarsa daga daji zuwa inji. Gungumen da ba shi da alama zai yi araha, amma idan aka tare motar a hanya, kayanka ne za a sauke, ba na mai injin ba. Ka yi hattara musamman da madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira koso. Saran da aka yi mata a Taraba da Kogi domin kai wa Sin ya yi muni, har aka sanya ta cikin jerin itatuwan da CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ke sa wa ido tun daga 2017, kuma idon hukuma yana kanta.

Hanya biyu ake sayayya. Ko dai ka sayi katakon da aka riga aka yanka aka jingine, ko ka sayi gungume ka biya kuɗin yanka. A ganina, wanda ya zo karo na farko ya tsaya a kan ta farkon, domin a gungume riba take, a nan kuma asara take ɓuya. Idan har ka zaɓi ta biyu, ka zaga itacen gaba da baya. Ka nemi miƙaƙƙe wanda kaurin gindinsa bai yi wa na kansa nisa ba, domin mai lanƙwasa ko mai tsinin kai yawancinsa a ɓawo yake ƙarewa. Ka dubi fuskar yankan: tsagar da ta taso daga tsakiya kamar tauraro, ko zoben da ya rabu da ɗan'uwansa, duk za su biyo falankin har ƙarshensa. Ka buga shi da bayan gatari. Mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, mai kogo kuwa yana yin amon ganga. Ka lura da kaurin farin gefen da ke ƙarƙashin ɓawo, domin ko a iroko wannan farin abincin ƙwari ne. Idan ka ga garin itace yana zubowa daga ƙananan huji, to an riga ka.

Lissafin gungume yana da tsohuwar ƙa'idar da aka gada daga Turawan Ingila. A auna kewayen itacen a tsakiyarsa da inci, a raba huɗu, a ninka abin da ya fito da kansa, a ninka da tsawon itacen da ƙafa, sannan a raba da 144. Gungume mai kewayen inci 72 da tsawon ƙafa 12, rubu'insa 18 ne, 18 sau 18 ya ba da 324, sau 12 ya zama 3,888, a raba da 144 a sami kubik 27, kubik kuwa shi ne ma'aunin girman katako na ƙafa ɗaya a tsawo da faɗi da kauri. Wannan ƙa'ida ta riga ta rage kusan kashi ɗaya cikin biyar na ainihin girman itacen saboda abin da za a zubar, domin cikakken girmansa ya kai wajen kubik 34. Duk da haka kada ka sa rai da kubik 27 na tsaftataccen katako. A yawancin injinan Kudu, abin da ke fitowa bai cika wuce rabin ainihin gungumen da yawa ba, sauran ya tafi a ɓawo da gefe da dusa. Ka yi lissafinka a kan kubik 17 ko 18, abin da ya haura ka ɗauke shi ƙari. Ku kuma daddale tun farko a kan wanda zai ɗauki gefen da aka fere, domin shi ma kuɗi ne a wurin masu gidan burodi da masu yin akwatuna, haka dusar a wurin masu kiwon kaji.

Shi kuwa yankakken katako, lissafinsa mai sauƙi ne idan ka riƙe abu ɗaya: falanki mai kaurin inci 1 da faɗin inci 12 da tsawon ƙafa 12 daidai yake da kubik ɗaya. Haka 2 bai 6, wato mai kaurin inci 2 da faɗin inci 6, mai ƙafa 12 kubik ɗaya ne, 2 bai 4 kashi biyu cikin uku, 2 bai 3 rabi, 2 bai 2 kuma sulusi. Da wannan za ka iya kwatanta farashin kowane awo da ɗan'uwansa ba tare da an ruɗa ka ba.

Ranar yanka ka tsaya a wurin da ƙafarka, da tef a hannu. Injin da aka fi samu shi ne na kwance mai zarto kamar ɗamara, wanda ake kira CD, mai tafiya a kan dogo yana yanka gungumen daga sama zuwa ƙasa, falle bayan falle, sannan a kai fallen wurin zarto mai kewaye a tsaga shi zuwa awon da ake so. Mai tuƙin injin da hannu yake sauke zarton bayan kowane yanka, kuma a wannan saukewar ake ƙwarar mai saye. Ɗan ragin da bai kai kaurin farce biyu ba a kowane falle yakan haifar da ƙarin falanki a gungume, wanda idan yankakke kake saye, ribar mai injin ce. Na taɓa auna lodin da aka kira inci ɗaya, na tarar da rubu'i uku na inci, kuma danye ne, bai ma fara raguwa ba. Saboda haka ka faɗa a fili cewa cikakken awo kake so, ka auna falankin farko a kai da tsakiya da gindi, ka sake aunawa bayan kowane goma. Idan ka shafa fuskar falanki ka ji tudu da kwari kamar igiyar ruwa, zarton ya dakushe ko ya saki, sai ka nemi a tsaya a sauya shi. Iroko yakan ɓoye wasu dunƙulen ma'adini masu taurin dutse da ke kashe kaifin zarto nan take, don haka kada ka yi mamaki idan an tsaya sau da yawa a kansa. Ka rufe hancinka, domin ƙurarsa tana sa tari da ƙaiƙayi.

Yanzu sai batun ruwa, wanda shi ne ya fi cutar da mu 'yan Arewa. Danyen katako yana iya ɗaukar ruwan da ya haura rabin nauyin busasshensa. Ba ya fara tsukewa sai ruwan ya sauko ƙasa da kashi 30 cikin 100, daga nan kuma yana bin iskar wurin da yake. A inda danshin iska ya kai kashi 80, kamar yadda aka saba a Sapele ko Legas, katako yana tsayawa a wajen kashi 16, kuma a can wannan shi ne busasshe. A Kano ko Katsina ko Maraɗi da hunturu, lokacin da danshin iska ke faɗowa zuwa kashi 20, katakon nan zai ci gaba da fitar da ruwa har ya sauko kashi 5 ko ƙasa. Saboda haka mai injin da ya rantse maka cewa kayansa sun bushe ba lallai ƙarya yake yi ba, bushewar garinsu yake nufi. Ƙofar da aka haɗa da irin wannan katako a watan Oktoba, zuwa Janairu za ka iya hango tsakar gida ta tsakanin falankanta. Katako kuma yana tsukewa ta bin zoben itacen kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa daga tsakiya zuwa ɓawo, shi ya sa faffaɗan falankin da aka cire daga gefen gungume yake kantarewa kamar kwasfa, wanda ya ratsa kusa da tsakiya kuwa ya fi zama a miƙe. Ka ware irin na biyun domin masu ƙofa da teburi. Ƙaramar na'urar auna danshi mai allura biyu ba ta kai kuɗin falankin iroko kaɗan ba, kuma ta fi rantsuwar kowa amfani.

Idan da hali, ka bar kayan su sha iska mako biyu ko uku a can kafin lodi, domin danyen katako nauyi ne da za ka biya kuɗin motarsa a banza. Farin katako irin obeche a tsoma shi ko a fesa masa maganin ƙwari da funfuna a ranar da aka yanka shi, in ba haka ba zai iso da shuɗin tabo da ba ya kankaruwa. Wajen lodi ka ƙirga da kanka tare da direba, a rubuta adadi da awo da nau'i a takardar kaya, kowa ya sa hannu, a kuma fayyace wanda zai biya kuɗaɗen da ake karɓa a shingayen hanya. Masu nauyi su zauna a ƙasa, a ɗaure da kyau, a rufe da tamfol.

Da motar ta iso, kada a jingine kayan a rana kamar yadda aka saba gani, domin zafin Arewa yana busar da bayan katako tun cikinsa na jiƙe, sai ya tsattsage. A samu rumfa mai shan iska, a jera bulo a ɗora kauraran katakai a kai yadda jerin zai tashi daga ƙasa da kamar ƙafa ɗaya da rabi, saboda gara da laima. A shimfiɗa sahu na farko da ɗan rata tsakanin falanki da falanki, a gitta busassun sanduna masu kaurin inci ɗaya a kowace ƙafa biyu, sannan a ɗora sahu na biyu. Dole kowace sanda ta hau daidai kan ta ƙasanta, in ba haka ba nauyin sama zai lanƙwasa na ƙasa. A shafa fenti mai kauri a kawunan falankan, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsaga ke farawa. A ɗora nauyi a saman jerin, kuma idan hunturu ya kankama a tare ɓangaren gabas da zana domin a rage kaifin iskar. Katakon rufi yana iya fita kasuwa bayan 'yan makonni, a shafa masa maganin gara irin Solignum ko makamancinsa kafin a hau da shi. Na ƙofa da kayan ɗaki kuwa, mai inci ɗaya yana bukatar wata biyu zuwa uku, mai inci biyu fiye da ninkin haka, kuma kada a ba kafinta shi sai na'urar ta nuna adadi ɗaya a awo biyu da aka yi mako guda tsakani.