Kafin ka ɗaga Hilux ɗinka

'Yan uwa masu shiga daji da Hilux, in za ku sayi kayan ƙara wa mota tsayi daga ƙasa a kasuwar kayan mota ta Apo da ke Abuja, kada ku wuce inci 2. Da zarar an haura haka, shaf ɗin gaba yana karkacewa, robarsa ta yage, giris ya tsiyaye. Na ga nawa da idona bayan tafiya ɗaya a hanyar ƙauye, baƙin giris ya fantsama har cikin taya.

Ku sayi sifirin da shokazoba saiti ɗaya, kamfani ɗaya, irin su Old Man Emu ko Ironman. Ku je da lambar shasi, domin kayan Hilux na 2012 daban suke da na 2016. Ana gama ɗaurawa a yi alaimen, a duba tiyon birki ko ya ɗame.