Wasan intanet daga Sakkwato: yadda za ka gyara layinka, ka kuma tsare bayananka

Matasan da ke buga Call of Duty Mobile, PUBG Mobile, Free Fire ko eFootball a Mabera, Runjin Sambo da ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo kusan kukansu ɗaya ne: an sayi data mai yawa, amma wasa yana sarƙewa, mutum ya ga ya riga abokin karawarsa harbi, sai kuma a nuna shi ne ya faɗi. Yawan data ba ya maganin wannan. Wasan da ake bugawa kai tsaye da wasu mutane ba ya jan kaya mai nauyi, domin abin da yake aikawa ƙananan saƙonni ne a jere a kowace daƙiƙa, masu faɗin inda kake, inda ka juya da abin da ka danna. Bukatarsa ita ce saƙonnin su isa sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da ke tafiyar da wasan, su dawo da wuri, ba tare da wani ya salwanta a hanya ba.

Saboda haka, fara da duba lambar da 'yan wasa ke kira ping, wadda yawancin wasanni ke nunawa a gefen fuskar waya tare da haruffan ms. Ita ce lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, da ma'aunin milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ƙasa da 100 ana wasa cikin natsuwa, daga 150 zuwa sama za ka fara jin nauyi a hannunka. Sai dai ka fi sa ido a kan tsayuwar lambar fiye da ƙanƙantarta, domin layin da ya tsaya a 120 ya fi wanda ke tsalle daga 70 zuwa 300, tunda hannu yana sabawa da jinkiri matuƙar bai canza ba.

Akwai wani ɓangare na wannan jinkiri da babu mai iya cire maka shi. Haske a cikin wayar faiba yana cin kimanin kilomita 200 a milisakan ɗaya. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, da Equiano na Google da ya iso a 2022, a Legas suke sauka, kuma tsakanin Sakkwato da Legas akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. Daga Legas zuwa Fotugal wayar MainOne tana da tsawon kimanin kilomita 7,000. Idan ka haɗa zuwa da dawowa, saƙon ɗan Sakkwato da ke wasa a sabar Turai ya riga ya cinye wajen milisakan 80 tun kafin a lissafa tazarar da ke tsakanin wayarsa da turken sadarwa, da duk na'urorin da zai ratsa. Wanda ya san wannan lissafi ba zai zubar da kuɗinsa wajen mai yi masa alkawarin milisakan 20 ba. Abin da ke hannunka shi ne zaɓen yankin da sabar take: idan wasan ya ba da dama, ka gwada Turai da Gabas ta Tsakiya, da Afirka in akwai, ka zauna a inda lambar ta fi tsayuwa. Ka karanta sharaɗin kafin ka danna, don wasu wasannin ba sa bari a sake sauya yanki sai bayan makonni.

Game da kamfanin layi, kada ka bi maganar majalisa cewa wane ya fi wane. Ƙarfin MTN, Airtel ko Glo ya danganta ne da turken da ke kusa da ɗakinka da yawan mutanen da ke kansa, shi ya sa layin da ke gudu a Arkilla yana iya rarrafe a Gawon Nama. Ka ari layin aboki, ka buga wasa ɗaya da kowanne a ɗakin da ka saba zama, kuma a lokacin da ka saba wasa. Bayan sallar isha'i, sa'ad da kowa ya koma gida ya buɗe bidiyo, turaku suna cika, don haka gwajin da aka yi da hantsi ba ya nuna gaskiyar dare. Idan wayarka tana yawan sauka daga 4G zuwa 3G, ka shiga saitin layi ka tsayar da ita a kan 4G inda wayar ta yarda da hakan, ka kuma zauna kusa da taga.

Mai rauta, wato na'urar Wi-Fi, a gida ya haɗa da zangon 5 GHz idan yana ɗaki ɗaya da ita, ya bar 2.4 GHz don nesa, mai kwamfuta kuwa ya jona ta da rautar kai tsaye ta kebul. Ka dakatar da saukar da fina-finai da ajiyar hotuna ta atomatik kafin ka shiga fili. Ka samar wa rautar ƙaramin batir ko sola, domin ɗaukewar wuta na daƙiƙa biyar ya isa a fitar da kai daga wasa. Zafin Sakkwato ma yana cikin lissafi: a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, waya tana rage gudun kanta da gangan idan ta ɗau zafi, sai mai ita ya ɗora laifin a kan sabis. Ka cire rigar wayar, ka rage ingancin hoto a saitin wasan, kuma kada ka yi wasa tana kan caji.

Datar da wasan kansa ke ci a awa ɗaya ba ta cika wuce gomman megabait ba. Sabuntawa da sababbin taswirori su ne ke kwashe gigabait, kuma tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ya dace ka kashe sabuntawar atomatik ka bar ta sai datar dare.

A daidai nan ne batun layi ke haɗuwa da batun sirri, kuma a ganina shi ne mafi haɗari. Wanda jinkiri ya ishe shi yakan nemi gajeriyar hanya: manhajar VPN ta kyauta, wadda ke bi da layinka ta wata sabar daban, ko mai da'awar ƙara gudu, ko wasan da aka yi wa kwaskwarima aka turo ta WhatsApp ko Xender da alkawarin daimon, wato kuɗin cikin wasa, kyauta. VPN ba ta rage nisan Legas da Turai, kuma ta kyauta tana ganin duk inda wayarka ke leƙawa. Wasan da aka yi wa kwaskwarima ya fi muni, domin idan ka ba shi izinin karanta saƙonni, ka ba shi lambobin sirrin da banki ke turo maka. Ka tuna cewa wayar da kake wasa da ita ita ce ke ɗauke da manhajar bankinka da layin da aka haɗa da lambarka ta NIN. Ka sauke wasa daga Play Store ko App Store kawai, sannan ka shiga saitin izini ka hana shi lambobin mutanenka, saƙonni da wurin da kake. Makirufo kaɗai yake bukata, shi ma sai lokacin da kake amfani da shi.

Wajen buɗe asusu, ka ware adireshin imel na musamman don wasanni maimakon shiga da Facebook ɗinka, inda hotonka da danginka suke. Ka zaɓi laƙabin da ba ya ɗauke da sunanka, shekarar haihuwarka ko unguwarku, ka sa kalmar sirrin da ba ka amfani da ita a ko'ina, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman wata lamba bayan kalmar sirri. Dalilin bambanta kalmar sirri a fili yake: a Afrilun 2011 masu kutse sun shiga PlayStation Network na Sony, abin ya shafi asusu kusan miliyan 77, kuma a irin wannan yanayi ɓarayi sukan gwada kalmar da suka samu a sauran ƙofofin mai ita. Idan za ka sayi UC ko CP, kuɗaɗen cikin PUBG Mobile da Call of Duty Mobile, ka yi amfani da katin da ba shi da kuɗi da yawa a kai, kada kuma ka miƙa wa dillali kalmar sirrinka don ya loda maka. Duk wanda ya nemi BVN ɗinka ko lambar da aka turo maka da sunan gasa ko kyauta, ɗan damfara ne.

Hira da murya tana bukatar taka-tsantsan na daban, musamman ga 'yan mata da yara. A yankin da satar mutane don kuɗin fansa ta addabi ƙananan hukumomi da dama, faɗa wa baƙo sunan makarantarka, sana'ar mahaifinka ko lokacin da za ku yi tafiya ba ƙaramin ganganci ba ne. Ka saita murya a kan 'yan tawagarka kaɗai. Iyaye da yayye su duba wannan saiti da kansu a wayar yaro, kada su ɗauka kamfani ya rufe shi, domin a Disambar 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka, kuma cikin tuhumar da aka yi masa har da tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba da barin hirar murya a buɗe tun daga farko.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ka haƙƙin tambayar kamfani abin da ya tara a kanka, da neman a gyara ko a goge, da janye amincewar da ka bayar, ta kuma wajabta neman izinin iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro. Idan ka daina wani wasa, goge manhajar daga waya ba ya goge asusunka, sai ka shiga saitin asusu ka nemi a share shi, ka ajiye hoton buƙatar da ranar da ka tura ta, domin da shi za ka kai ƙorafi ga Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, NDPC, idan aka yi biris da kai. Haka kuma kafin ka kai waya wurin mai gyara, ka fita daga asusun wasan da na Google ka zare layinka, in kuwa sayar da ita za ka yi, ka mayar da ita saitin kamfani bayan ka kwashe abin da kake bukata.