Darasi na 7: Kukan Inji a Cikin Sifikar Mota

Direbobi da yawa masu jigilar 'yan kasuwa zuwa Maigatari ranar Alhamis sun ƙara wa motocinsu amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, don wa'azi da labarai su kai har kujerar baya. Amma da an tayar da inji, sai wani siririn fito ya shigo sifika. Ka taka totur ya ƙaru, ka ɗaga ƙafa ya ragu. Nan wasu ke cewa sifika ta fashe, su je su sayo sabuwa. Asara ce kawai, sifika ba ta da laifi.

Fiton daga altaneta yake fitowa, wato na'urar da ke cajin batir. Wutarta ba ta fita sumul, tana da ɗan kaɗawa. In haɗin waya bai yi kyau ba, amfilifaya za ta kwashi kaɗawar ta ƙara mata ƙarfi tare da sauti.

Fara da gwajin da ba ya cin ko sisi. Zare wayoyin sauti masu kai ja da fari daga jikin amfilifaya, ka tayar da mota. In kukan ya ɗauke, ta rediyo ko ta waɗannan wayoyi yake shigowa. In yana nan, nemi wayar at.

Wayar at ita ce wadda ta fito daga inda aka rubuta GND a jikin amfilifaya ta tafi jikin bodi, kuma galibi a nan matsalar take. Kafin ka taɓa ta, kashe mota ka cire kan batir mai alamar ragi. Kwance notin ka duba ƙarƙashinsa da kyau. Sau da yawa za ka tarar an ɗaure ta a kan fenti, ko tsatsar damina ta ci wurin, ko gargadar hanya ta sassauta notin har waya tana rawa. Sa samfefa ka goge sai ƙarfe ya yi ƙyalli, sannan ka ɗaure tamau. Kada tsawonta ya wuce santimita 45, kaurinta kuma ya yi daidai da na wayar wuta. Mai rewayar da ya laƙa maka siririyar waya don ita ce a hannunsa, gaskiya bai kyauta maka ba.

Sai ka ɗaga shimfiɗar ƙasan mota. In wayar wuta da wayoyin sauti suna kwance tare, raba su: wannan ta bi gefen direba, waɗancan su bi ɗaya gefen. Ka kuma rage maɓallin amfilifaya da aka rubuta GAIN, mai ƙara ƙarfin sauti har da fiton, domin samari sun fi so su murɗe shi har ƙarshe.

Idan duk bai yi ba, ka ce wa mai rewaya: "Oga, a sa min mita a batir." Mota a kashe, a ga kamar bolt 12.6, inji na aiki, tsakanin 13.5 da 14.5. In lamba ta kauce, a duba altaneta. Ƙarar ƙas-ƙas-ƙas kuwa daban ce, wannan ta fulogi ce ko wayoyinsa.

Aikin gida: rubuta GND da GAIN a littafinka, ka nemo su a jikin amfilifaya, gobe ka faɗa wa malami aikin kowanne.