Kaso da saura: inda masu rubuta manhaja ke tuntuɓe wajen rabawa

Duk wanda ya rubuta manhajar lissafin kaya wa wani shago a kasuwar Singa ko Kantin Kwari ya san wannan aiki: sabulu guda 100, katan na cin 12, katan nawa ke nan, guda nawa suka rage? Katan 8, saura 4. Ƙa'idar da ke riƙe da lissafin ɗaya ce: in ka ninka kason da abin da ka raba da shi, ka ƙara saura, dole ka koma kan lambar farko. 8 sau 12, a ƙara 4, 100 ke nan. Da ita ake gwada kowace amsa.

Kuskuren da ya fi cin mutane yana fitowa ne idan lambar ta sauka ƙasa da sifili, domin yarukan rubuta manhaja ba su yi ittifaƙi ba. A Python, divmod ke fitar da kaso da saura tare: divmod(-7, 2) yana ba da -4 da saura 1, saboda yana gangarawa ƙasa. A C da Java kuwa, -7 / 2 yana ba da -3, saura -1, saboda suna yanke kason ne zuwa wajen sifili. Duka biyun sun cika ƙa'idar, amma wanda ya kwashe kod daga wannan yare zuwa wancan bai duba ba, lissafinsa zai karkace shiru.

Ga yadda abin ke ɓarna a kuɗi. Ka adana kuɗi a kwabo, wanda shi ne daidai, sai ana bin abokin ciniki bashin kwabo 250, wato -250. Ka kira divmod(-250, 100), Python ya ba ka -3 da 50, rasit ya fito da -3.50 alhali bashin naira 2.50 ne. Gyaran: ka ajiye alamar ragi gefe, ka raba abs(-250), wato 250 ba tare da alamar ba, sannan ka mayar da alamar wajen bugawa. Kuma ka buga kwabon da gurbi biyu, in ba haka ba kwabo 1205 zai fito 12.5 maimakon 12.05. A Java, in gangarawa ƙasa kake so, akwai Math.floorDiv da Math.floorMod tun daga Java 8.

Wani kuskuren kuma shi ne rubuta int(a / b) a Python 3 don samun kaso. Alamar / tana mayar da amsa lamba mai ɗigo, wadda ba ta iya riƙe kowace cikakkiyar lamba daidai idan ta haura 9007199254740992. A ƙananan lambobi ba za ka ga komai ba, shi ya sa ɗabi'ar ke zama. A yi amfani da //, alamar da ke ba da cikakken kaso, ko divmod. A JavaScript ma / ba ya yanke komai, kuma %, mai ba da saura, yana bin alamar lambar da ake rabawa, don haka abokin tafiyarsa Math.trunc ne, mai yankewa zuwa wajen sifili. Wanda ya haɗa shi da Math.floor, mai gangarawa ƙasa, ya karya ƙa'idar a lambobin ƙasa da sifili.

Raba da sifili kowa ya sani, amma ana mantawa cewa % ma rabawa ce. Python zai tsaya da ZeroDivisionError, C kuwa bai yi alkawarin komai ba. A duba adadin da ke cikin katan kafin a raba, musamman in mai shago ne ke shigar da shi da hannu.

Batun sauri, wato tsoron cewa neman kaso da saura daban-daban zai rage wa manhaja gudu, bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Umarnin idiv na injinan x86 yana fitar da kaso da saura a tashi ɗaya, kuma manhajojin fassara C na zamani sukan haɗe a / b da a % b idan suna kusa da juna. Akwai div() a cikin stdlib.h mai dawo da quot (kaso) da rem (saura) ga mai son su a haɗe. Abin lura a C shi ne -2147483648 / -1 a lamba mai bit 32: amsar ta fi ƙarfin gurbin, kuma a x86 manhajar na iya mutuwa nan take.