Matakan ceto kifin ƙawa da ƙwayoyin bakteriya suka kama

Idan gefen fikafikan kifinka ya fara yagewa, ko farin tabo ya bayyana kusa da bakinsa, sai ka kwashe shi ka zuba a wani akwatin gilashi daban mai tsabtataccen ruwa.

Daga nan ka gwada ruwan babban akwatin, domin yawanci tarin amoniya, wani sinadari mai guba, daga kashin kifi da ragowar abinci ne ke raunana shi har cutar ta samu shiga. Ka canza kashi ɗaya bisa huɗu na ruwan, bayan ka cire wa sabon ruwan kulorin, wato sinadarin da ake sa wa ruwan famfo, wanda mutane kan manta da shi.

Kafin ka zuba maganin da likitan dabbobi ya rubuta, ka fitar da gawayin da ke cikin matatar ruwan akwatin, saboda yana shanye magani.