Tsohon sojan injiniya, kada ka tsaya a aikin gadi

Salamu alaikum 'yan uwa. Yana damuna in ga dattijon da ya koyi gina gada da tuƙa katafila a makarantar injiniyoyin soja ta Makurdi, ya yi ritaya ya dawo Katsina, sai a ba shi kujera a bakin get ɗin wani.

Yallaɓai, abin da ke hana ka shiga kamfani takarda ce. Shaidar soja ba kowane manaja ke gane ta ba. Je ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ka zauna jarrabawar gwajin sana'a, ka karɓi takardar birkila, walda ko aikin famfo. Da ita za ka nemi rajistar COREN, wato hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, domin suna yi wa masu sana'ar hannu rajista, ba injiniyoyi kaɗai ba.

Aikin shimfiɗa layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya ratsa Daura, Katsina da Jibiya. Irin wannan aiki yana son direban gireda da foman mai iya riƙe lebura, kuma nan soja ya fi kowa.

Mai ɗan jari kuwa, ya yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya fara da buga bulo.