Babi na Huɗu: Rubutu da Vim, da Maɓallin Esc

Darasi na Ɗaya: Buɗe fayil

Vim manhajar rubutu ce wadda Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya fitar a shekarar 1991 bisa tsarin tsohuwar manhajar vi. A wannan babi ba za mu taɓa linzamin kwamfuta ba, da maɓallai kaɗai za mu yi aiki.

A baƙin allon umarni, wato terminal, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, ku rubuta vim wasika.txt, ku bar fili tsakanin kalmomin biyu, sannan ku danna Enter, wato babban maɓallin da ke hannun dama. Za ku ga alamar ~ jere a gefen hagu. Kada ta dame ku, tana nuna cewa wurin fanko ne kawai.

Kada ku fara rubutu tukuna, domin Vim tana buɗewa ne a yanayin umarni, inda take ɗaukar kowane harafi a matsayin umarni. Ku danna ƙaramin i sau ɗaya, ku dubi ƙasan allo ta hagu. Idan kun ga -- INSERT -- to kun shiga yanayin rubutu, sai ku rubuta sallama da sunan garinku.

Darasi na Biyu: Esc

Esc yana can sama a kusurwar hagu, shi ne na farko a jere. Ku ɗora yatsa a kansa yanzu, ku danna, ku ga yadda -- INSERT -- ta ɓace. Kun koma yanayin umarni ke nan. Ku danna i, ku sake danna Esc, ku maimaita haka sau goma kuna kallon ƙasan allo.

A nan mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, kuma babu abin kunya a ciki. Mutum zai gama wasiƙarsa, ya manta da Esc, ya buga :wq, sai ya tarar haruffan sun zauna a ƙarshen gaisuwarsa, fayil kuwa bai rufe ba. Idan haka ta faru, ku goge su da Backspace, ku danna Esc. Idan kun rasa a wane yanayi kuke, ku danna Esc. Ko sau uku kuka danna ba ya ɓata komai, iyaka kwamfutar ta yi ɗan ƙara.

Ina roƙonku da girman Allah, ku daina kashe kwamfuta daga soket don Vim ta ƙi rufewa. Wanda bai yi atisayen nan sau goma ba, kada ya wuce gaba, domin gaggawa ce ke jawo asarar aikin yini guda.

Darasi na Uku: Adanawa da fita

Da farko Esc. Sannan ku riƙe Shift ku buga ruwa biyu, za ku gan su a ƙasan allo. Umarnin :w yana adanawa, :wq yana adanawa ya fita, :q! mai alamar motsin rai kuma yana fita ya zubar da duk abin da ba a adana ba. Bayan kowanne sai Enter.

Darasi na Huɗu: Motsi da gyara

Bayan Esc, h hagu ne, l dama, j ƙasa, k sama. Harafin x yana goge harafi ɗaya, dd yana goge layi, u yana dawo da abin da aka goge. Ku tabbata Caps Lock, wato maɓallin manyan haruffa, a kashe yake.

Darasi na Biyar

Ku fita daga Vim, ku rubuta vimtutor, wato manhajar koyon Vim, a baƙin allon umarni, ku danna Enter, ku bi atisayen da ke ciki.